Yadda za ki gano sanadin ƙaiƙayin gaba marar fitar ruwa, ki kuma magance shi

Dare ya raba, kowa ya yi barci, ke kuwa sai juyi kike. Ƙaiƙayin da kika yini kina daure masa a cikin mutane yanzu ya samu fili. Kin sosa, kin ji sanyi-sanyi na ɗan lokaci, sai ya dawo ya fi na ɗazu. Da asuba kin tsuguna fitsari, wurin da farce ya yaga ya ɗauki raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. Kin duba kamfai, ba farin ruwa, ba wari, ba komai.

A nan ne mata da yawa ke yanke wa kansu hukunci, su ce ai sanyi ne. Sai a sayo ƙwaya, a sayo matsi, a ƙara da allura, wata ya zagayo ana nan jiya i yau. Kalmar "sanyi" ta zama buhun da ake cusa kowace damuwa ta gaba a ciki, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Idan ƙaiƙayi ya zo babu ruwa, sau da yawa matsalar ta fatar waje ce, maganin sanyi ba ya taɓa ta, wani lokaci ma shi ke ƙara hura ta. Don haka kafin ki kashe ko sisi, ki bi waɗannan matakan ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: ki duba da idonki

Abin da muke kira gaba wuri biyu ne. Akwai fatar waje, wato leɓɓa da wurin gashi har zuwa kusa da dubura, akwai kuma hanyar ciki, farji. Ki natsu ki gane wanne ne ke yi miki ƙaiƙayi. Ki wanke hannu, ki rufe ƙofa, ki samu haske mai kyau da ƙaramin madubi. Ba abin kunya ba ne, jikinki ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Fatar ta yi ja ko ta kumbura? Ta bushe tana tsattsagewa? Akwai wani fari-fari da ya bambanta da sauran fatar? Akwai ƙuraje, ƙananan borori masu ruwa, gyambo ko ƙullutu? A jikin gashi akwai wasu ƙananan abubuwa da suka liƙe? Ki lura kuma da lokacin da ya fi tashi: da dare ne, bayan wanka ne, lokacin al'ada ne, ko bayan saduwa. Ki rubuta abin da kika gani, domin zai yi miki amfani nan gaba.

Mataki na biyu: me ya taɓa wurin?

Ki yi tunanin makonni biyu ko uku da suka wuce. Sabon sabulu, sabon garin wanki, audugar mata mai ƙamshi, tishu mai jiƙe, turare ko hoda, ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan tsarki, man cire gashi, reza, kwaroron roba, man santsi na saduwa, duk suna iya tayar da fatar. Haka gumi idan ya kwana a matsattsen wando na roba, da ɗigon fitsari ga wadda ba ta iya riƙe shi sosai. Kada ki ce ai kin daɗe kina amfani da abu kaza, fata tana iya juya wa abu baya bayan shekaru.

Zan ɗan tsaya a kan wanki, domin nan ne masu tsafta suka fi cutuwa. Farji yana wanke kansa da kansa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, laktobasilos, da ke riƙe wurin da ɗan tsami, tsakanin 3.8 da 4.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, kuma wannan tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi zama. Sabulun wanka na yau da kullum yana wajen 9 zuwa 10 a wannan ma'auni, wato akasin tsami ne, yana kashe shi. Kin ga ke nan, duk lokacin da aka cusa kumfa ciki, an kori masu gadi. A waje kuma sabulu da soso suna kwashe ɗan maiƙon da ke kare fata. Mace ta ji ƙaiƙayi, ta ɗauka ƙazanta ce, ta ƙara dirza da ruwan zafi sau huɗu a rana, fatar ta ƙara bushewa, ƙaiƙayin ya ninka. Garin neman gira a rasa ido.

Mataki na uku: ki ba wa wurin hutu na mako biyu

Ki ajiye duk abin da kika lissafo. Ruwa zalla, mai ɗumi kaɗan ko mai sanyi, da tafin hannu, a waje kawai. Ba soso, ba cusa yatsa. Ki tsane wurin da tawul mai laushi ta hanyar dannawa a hankali, kada ki goga. Bayan ba-haya, daga gaba zuwa baya. Kamfai na auduga sakakke, a ɗauraye shi har kumfa ta fita tas, ya bushe ƙarau. Da dare in da hali ki kwana babu shi. Audugar al'ada marar ƙamshi, a sauya duk bayan awa 4 zuwa 6. Aski ya dakata; in gashi ya yi yawa, almakashi ya isa. Idan saduwa na ƙara miki zafi, ki yi wa maigida bayani a ɗan saurara.

Mata da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa, ba tare da sun haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba.

Mataki na huɗu: ki raba kanki da susa

Susa tana haifar da ƙaiƙayi kamar yadda ƙaiƙayi ke haifar da susa. Fatar da ake yawan sosawa takan yi kauri, ta yi kaushi, launinta ya sauya, ta ci gaba da ƙaiƙayi ko bayan abin da ya tayar da ita ya daɗe da gushewa. Na san faɗar "ki daina sosawa" ta fi aikatawa sauƙi, shi ya sa sai da dabara.

Idan ya taso, ki naɗe ƙanƙara ko wani abu mai sanyi a tsumma mai tsafta, ki ɗora minti biyar zuwa goma. Ki shafa basilin marar ƙamshi kaɗan bayan wanka da kuma kafin fitsari idan fatar ta tsage, zai tare raɗaɗin. Ki yanke farce, domin yawancin ɓarnar cikin barci ake yin ta. Maganin alaji mai sa barci, irin Piriton, yana taimakawa da dare. Mai ciki ko mai shayarwa ta fara tambaya tukuna. Man haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 yana kwantar da fatar da sabulu ko auduga suka tayar: a shafa siriri a waje, sau ɗaya ko biyu a rana, kada a wuce kwana 7, kuma ba a sa shi a kan gyambo ko borori.

Ina roƙonki, ki nisanci mayukan nan masu haɗi uku ko huɗu a tube ɗaya da ake miƙa wa duk wanda ya ce ƙaiƙayi, haka ma man sa hasken fata. Yawancinsu na ɗauke da siteroyid mai ƙarfi, wato sinadarin da ke danne kumburi da ƙaiƙayi. Kwana biyu za ki ji kamar an zare ƙaya, amma in aka daɗe a kai fatar za ta yi siriri, in kuma naman gwari ne ke damunki, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, ya samu taki.

Mataki na biyar: ki gwada abin da kika gani da waɗannan

*Kandida.* Wannan naman gwari ne da ke zaune a jiki, sai ya yi yawa yake zama cuta, kuma kusan mata uku cikin huɗu sukan gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa. An fi saninsa da farin ruwa mai guda-guda, amma yakan zo da ja da kumburi da zafin saduwa kawai. Ya fi kama wadda ta gama shan antibayotik, da mai ciki, da mai ciwon suga. Maganinsa kulotirimazol, wanda aka fi sani da Canesten, na shafawa da na matsi, ko fulukonazol miligiram 150 ƙwaya ɗaya. Mai ciki ba ta shan fulukonazol, matsi ake ba ta na kwana 7 bayan an duba ta. Ki sani waɗannan mayuka suna raunana kwaroron roba. Idan kandida ne da gaske, cikin kwana uku za ki ga sauƙi. Mako ya cika babu canji? Kada ki sayo wani, ba shi ba ne, ko kuma wani nau'i ne mai taurin kai. Wadda ke fama da shi sau uku ko huɗu a shekara, lallai ta yi gwajin suga, balle in tana yawan ƙishirwa da fitsarin dare.

*Raguwar istirojin.* Wannan sinadarin jiki ne ke riƙe da laima da kaurin fatar gaba. Yana raguwa idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, da kuma lokacin shayarwa. Sai bushewa, da ƙaiƙayi, da zafin saduwa. Iyayenmu mata da yawa suna cinye wannan a ciki, suna ganin tsufa ne kawai, alhali yana da magani: man santsi mai tushen ruwa don saduwa, man laima na farji, da man istirojin ko matsinsa da likita ke rubutawa. Na mai shayarwa yakan wuce idan al'ada ta dawo.

*Ƙwarƙwata, ƙazwa da tsutsa.* Ƙwarƙwatar gaba tana liƙe ƙwayayenta a gindin gashi. Ƙazwa kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya, za ki gan ta a tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu, ta fi tashi da dare, kuma sau da yawa wani a gidan ma yana susa. Fametirin ne maganinsu. Na ƙazwa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ne, a shafe jiki daga wuya zuwa tafin ƙafa, a bar shi awa 8 zuwa 12, a maimaita bayan mako guda. Miji da duk wanda ake kwana tare a yi musu rana ɗaya, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi a goge. Ƙaiƙayin ƙazwa yana iya ɗaukar mako biyu zuwa huɗu bayan ta mutu, kada ki tsorata. Ƙananan tsutsotsi farare masu kamar zare kuma suna fitowa daga dubura da dare su ajiye ƙwai, har su ratso gaba. Sun fi damun yara mata. Mebendazol ko albendazol, a maimaita bayan mako biyu, duk gida.

*Farar fata mai sheƙi.* Wannan ce na fi so ki riƙe. Idan kin ga fatar ta yi fari fat, ta yi siriri tana yamutsewa kamar takarda, tana tsagewa da ɗan abu kaɗan, wani lokaci farin ya zagaye gaba da dubura, to akwai yiwuwar cutar fatar da ake kira laiken sikilirosos ce. Ba a ɗaukar ta, ba a sa wa wani, kuma ba rashin tsafta ke kawo ta ba. Ta fi kama matan da al'adarsu ta ɗauke da yaran da ba su balaga ba. In aka bar ta, tabo yakan haɗe leɓɓa ya ƙuntata ƙofa, kuma ƙasa da mata 5 cikin 100 masu ita sukan gamu da sankarar wurin. Maganinta man kulobetasol ne, wato Dermovate, na kimanin wata uku ana rage yawan shafawa a hankali, sannan a riƙa zuwa ana dubawa. A nan siteroyid mai ƙarfi shi ne daidai, amma a hannun likita.

*Borori masu ruwa.* Ƙaiƙayi ko tsikari da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin ƙananan borori su fito su fashe, mai yiwuwa ciwon da ake kira hafis (herpes) ne, kuma ta saduwa ake ɗaukarsa. Maganin ya fi aiki in an fara da wuri. Mai ciki kuwa dole ta sanar da masu awo.

Wadda dama ke da cutar fata a gwiwar hannu, kai ko bayan gwiwa, ta san tana iya sauka can ma. Makero kuma yakan kama matse-matsi ya yi zobe mai kaushi a gefe.

Mataki na shida: asibiti

Kada ki jira mako biyun nan idan akwai gyambo, ƙullutu, borori, farin tabo, jinin da ba na al'ada ba, zazzaɓi, ciwon mara, ko kina da ciki. Haka idan kin wuce shekarun al'ada kuma ƙaiƙayin ya nace wuri ɗaya: sankarar fatar gaba ba ta da yawa, amma sau da yawa da ƙaiƙayi take fara sallama, kuma in an kama ta da wuri ana warkewa. Yarinya ƙarama mai ciwo ko jini a wurin, a kai ta a ranar. Ban da waɗannan, in hutun mako biyu ya cika ba sauƙi, ki tafi.

Kwana biyu kafin ki je, ki dakatar da matsi da shafe-shafe, domin suna ɓoye abin da ake nema a gwaji. Ki zuba kwalayen duk magungunan da kika yi amfani da su a jaka, ki ɗauki takardar da kika yi rubutu a matakin farko. Kina da damar neman mace ta duba ki, ko wata ta tsaya a ɗakin. Ki faɗi maganar kai tsaye: "Likita, wata biyu ke nan ina ƙaiƙayi a waje, babu ruwa, ya fi da dare, na yi matsi sau biyu bai yi ba." Za a iya shafo ɗan danshi da auduga a kai ɗakin gwaji, a auna suga, wani lokaci a kashe wurin da allura a ɗan tsinki fata kaɗan don a tabbatar. Idan aka ɗauko biro za a rubuta miki magani ba tare da an duba wurin ba, ki ce cikin ladabi kina so a duba tukuna.