Ƙwannafi da kumburin ciki bayan aikin daidaita bugun zuciya: kurakuran da aka fi yi a gida

Wanda aka yi wa aikin daidaita bugun zuciya, wanda likitoci ke kira abileshan, ba ya daɗewa a gadon asibiti. Kwana ɗaya ko biyu an sallame shi, tunda ba a tsaga ƙirji. Siririyar waya ake zurawa ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a ƙona ko a daskarar da 'yan wuraren da ke tayar da bugun da ba ya kan ƙa'ida. Mutum ya dawo gida, Gaya ko Ringim ko wani ƙauye a bayan Kazaure, 'yan'uwa su yi ta zuwa barka da arziki. Kwana kaɗan sai kukan ya koma ciki: ƙwannafi, gyatsa mai tsami, loma uku ciki ya cika ya yi tam. Likitan da ya yi aikin yana can birni ko Indiya ko Masar, abin da ke kusa kemis ne da shawarar maƙwabta.

Dalilin ba boyayye ba ne. Bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi yana manne da bayan ɗakin hagu na saman zuciya, tazarar ba ta wuce 'yan milimita ba, kuma nan ne ake yawan yin ƙunar. Kamar ɗakuna biyu ne masu bango ɗaya: in aka hura wuta a jikin bangon nan, na can ma sai ya ɗauki zafi. A jikin bututun kuma akwai jijiyoyin da ke sa tumbi ya motsa ya tura abinci gaba. Zafi ko sanyin aikin kan taɓa su, sai tumbi ya yi nawa, abinci ya daɗe a ciki, tsami ya riƙa haurowa. Galibi wannan yana lafawa cikin makonni, wani ya kai 'yan watanni.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye maganin ƙwannafin da aka bayar ranar sallama. Yawanci omeprazole ne ko pantoprazole, na mako 4 zuwa 6. Sai mutum ya ce shi ba shi da olsa, me zai yi da maganin olsa? Ko ya riƙa sha sai ranar da ƙirji ya yi zafi. An ba da shi ne don ya rage tsamin ciki, bututun abinci ya samu sararin warkewa in zafin aikin ya taɓa shi, saboda haka kullum ake sha ko da ciwo ko babu. Lokacinsa da safe ne, ciki babu komai, kamar rabin awa kafin karin kumallo. Wanda ya idar da asuba ya haɗiya da ruwa, kafin koko ya iso ya yi daidai. Shan sa bayan an cika ciki yana rage masa ƙarfi.

Sai kemis. Ƙirji na ciwo ko jiki na tsami, a aiki yaro da kuɗi, ya dawo da haɗi a ƙulle a leda. A irin haɗin nan ba a rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani kuma ya saba da garin Alabukun, wanda aspirin ne a ciki. Duk waɗannan suna cin fatar tumbi. Ga mai lafiya ma abin lura ne, balle wanda ke shan maganin tsinka jini, kuma kusan duk wanda aka yi wa wannan aiki yana sha. In suka haɗu, ƙaramin gyambo sai ya zama zubar jini a ciki. Paracetamol ya isa ga ciwon jiki, kuma duk ƙwayar da ba a san sunanta ba kada a haɗiya. Kashi baƙi ƙirin mai yauƙi, ko amai da jini, ko jiri da fari fat a ido, alamar zubar jini ce, asibiti ake nufa a ranar.

Wasu kuma akasin haka suke yi: su ɗora wa maganin tsinka jinin laifin ƙwannafin su daina sha. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, don dabigatran, ɗaya daga cikin magungunan tsinka jini, ya shahara da ɓata ciki. Amma wuraren da aka ƙona a cikin zuciya suna iya tara gudan jini a makonnin farko, in ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ake ci gaba da maganin aƙalla wata biyu bayan aikin, ko da bugun ya daidaita sarai. In yana damun ciki, a sha shi da abinci da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe bayan sha, a kira likita ya duba ko zai sauya wani. Rivaroxaban, wani daga cikinsu, dama da abinci ake shan sa. Dainawa da kai, ko rage ƙwaya don kuɗi ya kai ƙarshen wata, ba ya cikin zaɓin.

Ruwan kanwa yana kashe ƙwannafi nan take, wannan ba a musu, iyayenmu sun daɗe da sanin haka. Matsalar ita ce kanwa gishiri ce mai yawa, kuma akasarin masu wannan larura suna da hawan jini ko raunin zuciya. Tana kuma tara iska a tumbin da dama ba ya motsi sosai. Haka garin nan mai tafasa a ruwa da ake sayarwa a shaguna. In ana son abin gaggawa, maganin ƙwannafi na ruwa irin na asibiti ya fi, a bar tazarar kamar awa biyu tsakaninsa da sauran magunguna don kada ya hana su shiga jiki. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa a dakata da su, musamman ga mai shan maganin tsinka jini na warfarin, wanda abu kaɗan ke sauya ƙarfinsa.

Akwai kuskuren da ƙauna ke jawowa. Maigida ya dawo daga aikin zuciya, sai a ce a gina shi: tuwo malmala biyu da daddare, miya ta sha mai da yaji, ga farfesu, ga tsire da aboki ya kawo. Ya ci bayan isha'i ya miƙe a tabarma. Tumbin da ke nawa ba ya iya wannan. A raba abincin kashi biyar ko shida a yini, kaɗan-kaɗan, mai laushi: kunu, fate, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa ba tare da barkono da yawa ba. Ƙosai da awara da duk abin da aka tsamo daga mai su jira. Goro, shayi mai kauri, lemon kwalba da taba duk suna buɗe wa tsami hanya. Kunun tsamiya wani yana ɗauka, wani yana tayar masa, kowa ya lura da nasa cikin. Abincin dare ya koma kusa da magariba, a samu awa uku kafin kwanciya. A ɗaga kan gado da bulo kamar santimita 15 zuwa 20, don tara matashin kai wuya kawai yake lanƙwasawa, kuma kwanciya ta ɓarin hagu ta fi sauƙaƙa ƙwannafi. Sunkuyo da fartanya ko wanki da cikakken ciki shi ma yana maido abinci. In watan azumi ya zo a cikin makonnin nan, a tambayi likita tun kafin a fara, saboda lokutan magani.

Yanzu ga wanda ya fi duka, kuma shi ne dalilin da ya sa ƙwannafin wannan mutum ya bambanta da na kowa. Wani lokaci ƙunar da ta taɓa bututun abinci ba ta warkewa, sai ta ci gaba da ci a hankali har ta huda tsakaninsa da zuciya. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kusan mutum ɗaya cikin dubu ko ƙasa da haka, amma in ya faru aka yi jinkiri da wuya a tsira. Kuma ba ya nuna kansa a asibiti. Yakan bayyana daga mako ɗaya zuwa huɗu bayan aikin, wani lokaci har wata biyu, lokacin da kowa ya saki jiki. Alamunsa zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon ƙirji sabo mai tsanani, zafi ko wahala wajen haɗiya, amai da jini, ruɗewa, karkacewar baki ko mutuwar hannu.

A wajenmu, musamman da damina, zazzaɓi sunansa maleriya. In bai ji magani ba a ce taifot ne. Haka za a yi kwana uku ana allura da ƙarin ruwa a gida, alhali kwanakin nan su ne ake da su. Ko gwaji ya nuna maleriya bai kore ɗayan ba, don a yankinmu mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar a jini ba tare da ita ce ke kwantar da su ba. Duk wanda aka yi wa abileshan cikin wata biyu da suka wuce, ya yi zazzaɓi tare da ciwon ƙirji ko wahalar haɗiya, a nemi mota a nufi babban asibiti mai likitan zuciya da na'urar hoton siti sikan, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In dare ne a tafi a daren. Kada a ba shi abinci ko abin sha a hanya.

Da isa, kalmar farko ga likita ita ce: an yi masa abileshan ranar kaza. Wannan yana da muhimmanci saboda wanda ya zo da ƙwannafi da wahalar haɗiya, abin da aka saba shi ne a zura masa kyamara ta baki a leƙa ciki. A wannan hali hakan haɗari ne, don ana hura iska yayin leƙen, kuma in akwai huda iskar za ta shiga zuciya ta wuce ƙwaƙwalwa. Hoton siti sikan na ƙirji ake fara yi.

Ba kowane ciwon ƙirji ne wannan ba. A kwanakin farko da yawa suna jin suka in sun ja numfashi ko sun kwanta rigingine, ta yi sauƙi in sun zauna sun ɗan duƙa gaba. Kumburin rigar zuciya ne, yana wucewa, amma a sanar da likita. Kaikayin maƙogwaro na kwana biyu ko uku kuma daga bututun da aka sa ta baki lokacin aikin ne. Faɗuwar gaba jefi-jefi a watannin farko ba ta nufin aikin ya lalace. Abin tsoro shi ne ciwon da ya zo sabo bayan an fara samun sauƙi, ko wanda kullum ƙaruwa yake.

Maganin tashin zuciya ma kada a saya da ka. Domperidone na cikin waɗanda ke iya rikita bugun zuciya, musamman ga mai shan magungunan daidaita bugu irin su amiodarone ko sotalol. In amai ya hana magani zama a ciki, ko mutum yana ramewa saboda ba ya iya ci, a koma asibiti.

Takardar sallama kada ta shige ƙasan akwati. A ɗauki hotonta a wayar babban ɗa da ta uwargida, a rubuta ranar aikin da sunayen magunguna a wata 'yar takarda ta zauna a aljihun majinyacin, tare da lambar likitan da ya yi aikin da ta direban da za a iya tasa cikin dare.