Ƙwanji da lafiya: kurakuran da 'yan ɗaga ƙarfe suka ƙi dainawa

Duk saurayin da ya fara zuwa gidan ɗaga ƙarfe, burinsa ya cika riga kafin Sallah. Burin ba laifi ba ne. Hanyar da ake bi ce ke ɓata rai, domin kurakuran da aka yi bara su ne sababbin shiga ke maimaitawa bana.

Mafi muni shi ne gaggawar kama allura da ƙwaya. Wata uku da fara atisaye, sai wani ya ja yaro gefe ya ce akwai ƙwayar gina tsoka Dianabol, akwai allurar testosteron, sinadarin maza, zagaye ɗaya kawai, wato shan 'yan makonni, zai yi ya bari. Suna aiki, babu mai musu, shi ya sa da wuya a tsaya a zagaye ɗaya. Amma zuciya ma tsoka ce, kuma maganin bai san bambancinta da damtse ba. Bangon ɗakinta na hagu yakan yi kauri ya yi tauri, har ta kasa cika da jini yadda ya kamata. Kitsen jini mai amfani, HDL, ya faɗi, mai toshe jijiya ya hau. Jinin kansa ya yi kauri. Na haɗiya irin su Dianabol da Anadrol kuwa hanta suke wahalarwa. Sannan da jiki ya ga testosteron na shigowa daga waje sai ya daina yin nasa: maraina su motse, maniyyi ya ragu, wani ma nono ya fito masa, wanda idan ya daɗe sai tiyata. Kai da ake shirin kai maka lefe, ka yi wannan lissafin?

Dallas McCarver, ɗan gasar gina jiki, ya mutu a 2017 yana da shekara 26, binciken gawa ya nuna zuciyarsa ta ninka ta lafiyayyen mutum fiye da sau biyu. Shawn Rhoden, wanda ya ci Mr. Olympia, babbar gasar gina jiki ta duniya, a 2018, ya rasu a 2021 yana da shekara 46. Waɗannan sana'arsu ke nan, suna da kuɗi da masu duba su. Kai kuwa kwalba ce ka saya a bayan kanti, ba ka ma da tabbacin abin da aka rubuta a jikinta shi ne a ciki, wataƙila kuma sirinji ɗaya kuke yi da abokinka, hanyar da ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau ke bi. Gyara ɗaya ne a wurina: kada a fara. Wanda ya riga ya fara, ya je wurin likita ya faɗi sunan abin da ya sha da yawansa da tsawon lokacin, kada ya koma neman maganin gyara a hannun wanda ya sayar masa.

Akwai kuma wautar da ta fi wannan arha, wato shan “sha ka fashe”. Yawanci dexamethasone ne, kuma aikinsa kishiyar abin da kake nema ne. Yana zaizaye tsoka, ya tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Sikeli zai hau, mutane su ce ka murje, alhali kumburi ne. Wanda ya yi makonni yana sha kada ya yanke dare ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

Kuskure na biyu da ke ba ni haushi shi ne rashin awo. Mutum ya san faɗin damtsensa har da rabin inci, amma ka tambaye shi awon hawan jininsa sai ya yi zuru. Hawan jini ba ya ciwo, ƙoda kuma takan yi nisa da lalacewa kafin ta yi magana. Na'urar awon jini ta gida ba ta kai kuɗin robar furotin biyu ba. A auna da safe, a zaune, bayan hutun minti biyar, sau biyu a mako. Mai babban damtse ya nemi babbar ɗamara, domin ƙarama tana nuna lamba sama da gaskiya. Idan 140/90 na maimaituwa, asibiti. Ni tsarina gwajin jini sau biyu a shekara: PCV (yawan jini), ƙoda, hanta, suga da kitsen jini. A huta da ƙarfe mai nauyi kwana biyu zuwa uku kafin a je, saboda atisaye mai tsanani yana ɗaga lambobin hanta, kuma a gaya wa likita idan ana shan kiriyatin, garin ƙara ƙarfi na 'yan ƙarfe, don yana iya ɗaga lambar ƙoda ba tare da ciwo ba.

Ci babu lissafi da sunan gina jiki shi ma haka. Furotin giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinka ya wadatar, wato mai kilo 70 yana buƙatar giram 112 zuwa 154 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, sauran a cike da wake, awara, kifi, kindirmo, ƙuli-ƙuli da nama. Ƙarin nauyin da ya wuce kilo ɗaya da rabi a wata, mafi yawansa teɓa ne. Ka riƙa zagaya cibiya da tef, kada ta wuce rabin tsawonka.

Sai nauyin nuna isa. Tsoka ta fi jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi saurin ƙarfi, shi ya sa ake yaga ƙirji da kafaɗa a kan benci. Ronnie Coleman ya ci Mr. Olympia sau takwas, daga 1998 zuwa 2005, yana tsugunawa da kusan kilo 360 a wuya. An yi masa tiyata da yawa a baya, an canja masa ƙugu biyu, da sanduna yake tafiya. Ɗagawa shida zuwa goma sha biyu, a ajiye ƙarfe da sauran ƙarfin ɗaya ko biyu, yana gina ƙwanji sarai. Gwiwa ko gwiwar hannu ta fara ciwo, a rage nauyi. Kada a danne ciwon da diclofenac, wanda idan ya haɗu da zufar watan Afrilu da ƙarancin ruwa ƙoda yake ci. Tramol kuwa ba ma sai na yi magana ba.

Masu shan Lasix, maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, don jijiyoyi su fito kafin gasa ko ɗaukar hoto, su sani yana kwashe sinadarin potasiyam, bugun zuciya ya rikice. Mohammed Benaziza ya mutu a 1992 sa'o'i kaɗan bayan wata gasa a ƙasar Holan, kuma irin waɗannan magunguna aka danganta mutuwarsa da su.

Allurar mai a damtse ƙurji ne da ruɓa, ba tsoka ba. Ƙin tafiya da sassarfa wai kada a rame shirme ne, minti 30 sau huɗu a mako ba ya cin ƙwanji. Barci awa bakwai. Idan wuya ya yi kauri, iyali suka fara ƙorafin munshari da ɗaukewar numfashi cikin dare, a je a duba, yana da alaƙa da hawan jini. Da azumi kuwa a mayar da ƙarfe mai nauyi bayan buɗa-baki, a rage yawan ɗagawa, a raba shan ruwa tsakanin magariba da sahur maimakon a ɗura shi lokaci ɗaya.