Yadda Za Ka Bincika Ko Kotu Ta Ba da Umarnin Kama Ka a Kaduna

Kwanakin baya wani ƙanen abokina mai sana'ar walda a Panteka ya same ni da magariba, hankalinsa a tashe, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba mini nan, an ce in biya dala za a gaya mini ko ana nemana." Maƙwabcinsa ne ya tsegunta masa cewa 'yan sanda sun zo unguwar suna tambayar gidansu. Shafin da ya buɗe na Amurka ne. A can akwai gundumomi sama da 3,000, kuma da yawa daga ofisoshin tsaro da kotunan gundumomin suna sanya sunayen waɗanda ake nema a intanet, har mutum ya iya dubawa daga ɗakinsa. Mu a nan babu shafi guda da za ka rubuta sunanka ya nuna maka umarnin kamun da kotunan ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna suka bayar, don haka duk wanda ya karɓi kuɗinka da wannan alkawari ya cuce ka.

Kafin ka ɗaga ƙafa, ka bambance takardu uku da jama'a ke haɗa su wuri ɗaya. Gayyatar 'yan sanda kira ne ka je ka yi bayani. Sammaci daga kotu yake fitowa, yana sanar da kai ranar da za ka bayyana gaban alƙali. Umarnin kamu kuwa alƙali ne yake sa masa hannu, yana ɗauke da sunan wanda ake nema da laifin da ake zarginsa da shi, kuma tsawon lokaci ba ya kashe shi: yana nan daram har sai an zartar da shi ko kotu ta soke shi. Sau da yawa abin da ke jawo shi ba babban laifi ba ne. Mutum ne aka ba shi beli, aka ɗage zama, ya tafi gona ko fatauci bai dawo ranar da aka sa ba, alƙali ya kira ƙara ya ga babu shi babu dalili.

Saboda haka bincike yana farawa ne daga kotun da maganar ta faro, ko ta majistare ce, ko ta shari'ar Musulunci irin ta Magajin Gari ko ta Rigasa, ko Babbar Kotun Jiha. Ka tattara cikakken sunanka yadda aka rubuta shi a takardar ƙara, da sunan wanda ya kai ƙarar, da caji ofis ɗin da aka fara kai maganar, da ranar zaman ƙarshe da ka halarta. Lambar ƙara ita ce gaba da komai, domin fayil-fayil ɗin da ke ofishin rajistara, wato jami'in da ke kula da takardun kotu, da lamba ake jera su, kuma masu suna Muhammad Sani ko Aisha Ibrahim a garin nan ba sa ƙirguwa. Idan lambar ta ɓace maka, ka duba takardar belinka, ko ka tambayi wanda ya tsaya maka.

Shawarata ita ce ka tura lauya ya fara dubawa. Idan babu hali, wani babba a cikin dangi zai iya zuwa ya gaishe da rajistara cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarar ɗana na zo in ji inda aka kwana." Dangi kan ji tsoron kada a riƙe su a madadin wanda ake nema, amma sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya haramta kama wani a madadin wani. Wanda ya tsaya maka beli ne kawai yake da alhaki a wuyansa, domin kotu tana iya kiransa ya faɗi dalilin da zai hana a karɓe kuɗin da ya yi alkawari. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka hanzarta, don bai kamata mutum ya yi maka rana kai ka yi masa dare ba. Duk kuɗin da za a biya na neman kwafin takarda a karɓi rasit, kuma a guji masu tare mutane a bakin ƙofar kotu suna cewa za su "gyara magana".

Idan aka tarar da umarnin, lauya zai nemi kotu ta janye shi, kai kuma ka bayyana da kanka da hujjar rashin zuwanka, kamar takardar asibiti. Wanda ya kawo kansa ba ɗaya yake a idon alƙali da wanda aka damƙo a shingen binciken hanyar Zariya ba. Marasa ƙarfi su nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa domin irinsu. Idan kuwa maganar ba ta kai kotu ba, tana hannun 'yan sanda, ka amsa gayyatar tare da lauya ko wani dattijo. Sashe na 35 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu.

Abin da intanet zai amfane ka da shi kaɗan ne. Hukumomin yaƙi da cin hanci da rashawa, EFCC da ICPC, suna wallafa hotuna da sunayen waɗanda suke nema a shafukansu, sai dai rashin ganin sunanka a can bai ce komai ba game da kotun unguwarku.

Tarihin aikata laifi wani batu ne daban. Mai neman biza, ko karatu a waje, ko wani aiki, ana buƙatar ya kawo takardar shaidar hali ta 'yan sanda. Ana neman ta ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP da lambar NIN, a biya kuɗi ta shafin, sannan a je a ɗauki zanen yatsu a gwada shi da bayanan babban ofishin rajistar masu laifi da ke Alagbon a Legas. Tunda sai da yatsun mai ita ake samun ta, ba za ka ciro ta wani a bayan idonsa ba. Mai son ɗaukar direba ko maigadi sai ya ce masa ya kawo da kansa. Iyayen da ke binciken aure kuma, idan suka ji an taɓa kai manemin kotu, su nemi kwafin hukunci mai hatimin kotu kafin su yanke magana, domin sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ɗauki wanda ake zargi a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, kuma mutane da yawa an kai su an kuma wanke su. Yaɗa irin wannan labari a Facebook ba tare da hujja ba ɓata suna ne, kuma dokar Final Kod ta hukunta shi.

Shi ƙanen abokin nawa, da lauya ya duba, sai aka tarar tsohuwar ƙara ce kan kuɗin ƙofofi da ya karɓa bai gama aikin ba, kuma ya tsallake zama biyu lokacin jinyar mahaifiyarsa. Ya bayyana, aka janye umarnin, aka sa sabuwar rana. Lauyan ya sa ya karɓi kwafin takardar janyewar mai hatimi, ya kai ɗaya caji ofis, ya ajiye ɗaya a aljihunsa, domin labarin soke umarni ba koyaushe yake isa ga waɗanda aka ba aikin kamun da wuri ba.