Yadda zaka karanta tsohon filin yaƙi: me yasa kakanni suke rububin tudu da ruwa

Duk wanda ya taɓa zama ajin tarihi a Birnin Kebbi ko Gusau ya san yadda ake koya mana yaƙe-yaƙen ƙasar nan, shekara kaza wane ya ci wane, a haddace a zuba a jarabawa shikenan. Amma a ina aka tsaya, kuma don me aka tsaya nan ba can ba, wannan ba a cika faɗa ba alhali nan daɗin yake. Wanga rubutu na masu son zuwa kufai ko tsohuwar ganuwa ne su kalli ƙasa da idon sarkin yaƙi. Sai dai halin tsaron da muke ciki kowa ya sani, dan Allah kar ka hau mashin ka nufi daji wai don na ce ka je ka duba, fara tambayar mai gari da dattawa, inda suka ce ba a shiga to ka haƙura ka buɗe Google Earth a waya, shima yana nuna maka dutse da kwari da hanyar gulbi kana kwance a ɗaki.

Da ka isa wuri abu na farko ka nemi inda ya fi ko ina tsawo ka hau, ka juya gabas da yamma kudu da arewa ka tambayi kanka, daga nan har ina nake hange? A zamanin da babu waya babu jirgi, ƙurar dawaki ita ce labari, wanda ke saman dutse zai hango ta tun rundunar tana nesa, ya samu damar kaɗa ganga a koro shanu a kwaso mata da yara daga gona a rufe ƙofa. Ribar tudu ta farko kenan, lokaci. Ta biyu kuma doki mai lifidi da barde mai sulke a kansa in ka ce ya hau gangare a guje kafin ya kai rabi ya fara haki, ga kibiya na sauko masa daga sama da ƙarfinta, tasa kuwa in ya harba sama sai ta gaji a hanya. Je ka tsaya gindin dutsen Kwatarkwashi kusa da Gusau ka ɗaga kai, ba sai an yi maka dogon bayani ba zaka gane me yasa aka kafa gari jikinsa. Haka mutanen ƙasar Zuru, a kan tsaunuka da yawansu suka zauna lokacin hare-haren neman bayi.

To amma kar ka sauko da murnar ka gama ganewa, nemi ruwa. Ina rijiya, ina tafki, ina kududdufin da baya ƙafewa da rani? Tudun da babu ruwa tarko ne wallahi, abokin gaba ba sai ya hau ba, ya kewaye ka kawai ya zauna ƙishirwa ta yi masa aikin. Abin da ya faru a Hiɗɗin ta ƙasar Falasɗinu kenan a 1187, mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai, suka makale a kan tudu cikin zafin Yuli, Salahuddin Ayyubi ya tsare musu hanyar tafkin Tabariyya aka kuma cinna wa busasshiyar ciyawa wuta hayaƙi ya turnuƙe su, rundunar ta watse. Kuma tun a Badar ai shawarar da Hubab bin Munzir ya kawo kan rijiyoyi ce, a riga Ƙuraishawa kama ruwa. Don haka in ka ga kufai a kan dutse ka duba ko akwai ramin da ruwan sama ke taruwa da alamar inda aka kafa rumbuna, in babu to wataƙila maɓoya ce ta kwana biyu, ba wurin da ake jure ƙawanya ba.

Yanzu ga inda nafi son mutum ya daɗe yana tunani. Ka tambaya, shi wanda ake tsoron da me yake taƙama, kuma wace irin ƙasa ce ke kashe wannan abin? A ƙasar Hausa amsar kusan kullum doki ne. Doki yana son fili shimfiɗaɗɗe mai tauri, baya son duwatsu, baya son sarƙaƙƙiya, baya son laka. Dubi 1805. A farkon shekarar Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, amma kafin ta ƙare sai ga taron dangi na Gobirawa da Kabawa da Abzinawa, aka haɗu a Alwasa jama'ar Shehu suka sha kashi sosai aka kashe musu mutane da yawa, suka ja da baya zuwa Gwandu wadda lokacin ko ganuwar kirki bata da ita. Kuma a nan ɗin aka tare rundunar aka kore ta. Mutanen dai su ne, ƙasar ce ta canza, kewayen Gwandu tudu ne da duwatsu, mai doki da mai raƙumi basa iya sukuwa yadda suke so, ƴan baka kuwa nan suka fi sakewa. Bayan wannan ne aka yi wa garin ganuwa.

Kuma kar ka ɗauka dole sai wuri mai tsawo ne ke ba da rinjaye. Argungu ba a kan wani babban dutse take ba, amma daga boren da Yakubu Nabame ya jagoranci Kabawa suka yi a 1849 har zuwan Turawa, Sakkwato da Gwandu basu iya murƙushe Kabawa ba, har Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai yaƙi a farkon shekarun 1890 zamanin Sarkin Kabi Sama'ila bai ci nasara ba. Jarumtar mutanen tana ciki babu musu, amma ka dubi gulbi da faffaɗar fadamar da ke jikin garin, Bakabe ya san kowane mashigi yana da jirgin ruwansa ya san inda ƙafa ke nutsewa, baƙon barde kuwa dokinsa zai kafe a laka. Ni a ganina fadamar nan ta yi musu aikin da dutse ya yi wa wasu, har ma da ƙarin kifi da shinkafa.

Daga nan zagaya bayan wurin, kowane matsayi yana da ƙeya. Nemi ta inda za a iya ɓullo wa mutum ba tare da ya gani ba, kwazazzabo ko wata ƴar hanya tsakanin duwatsu, sai ka tambaya wa aka ajiye a nan. Darasin Uhudu kenan a shekara ta 3 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya ɗora maharba 50 a kan ɗan tsauni ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair da umarnin kar su bar wurin, da mafi yawansu suka ga kamar an gama suka sauko, Khalid bin Walid wanda lokacin bai musulunta ba ya zagayo da dawaki ta nan ɗin yaƙi ya juya. Tsaunin ba wani babba bane, duk wanda ya je ziyara Madina ya gan shi, amma shi ya tsare bayan runduna gaba ɗaya.

In akwai ganuwa bi ta da ƙafa, duba gwalalon da ke wajenta, duba yadda aka matse ƙofa don kar mahaya su shigo a jere, duba ko an bar fili a ciki don noma da dabbobi. Surame ta Kanta Sarkin Kabi, wadda yanzu take cikin jihar Sakkwato, da dutse aka yi ganuwarta tun ƙarni na 16. Sannan ka tuna da makamin zamanin kafin ka yanke hukunci, ganuwar da ta gagari doki da kibiya bata gagari igwa ba, Kano ta faɗi hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris inda aka fito fili aka fuskanci bindiga mai ruwa. Ko Turawan ma sun taɓa mantawa, a ƙarshen 1953 sojan Faransa suka kafa sansani cikin kwari a Diyan Biyan Fu ta Biyetnam suna ganin ba mai iya hawa da igwa kan tsaunukan da ke kewaye, mutanen Janar Giap, kwamandan ƴan Biyetnam, suka ja su da igiya da ƙarfin hannu har sama, ranar 7 ga Mayun 1954 sansanin ya faɗi.

Batun lokacin zuwa, bayan girbi ya fi, ciyawa ta kwanta ana ganin layin tsohuwar ganuwa sosai, kuma yawanci da rani ake fita yaƙi dama. Amma wuri irin Argungu sai ka koma da damina ko kaka ka ga yadda ruwa ke cika fadama, in ba haka ba zaka raina ta. Ka tafi da littafi da biro da ruwan sha da ɗan goron dattawa, ka tambaye su sunayen ƙofofi da unguwanni da ta ina aka ce maƙiya suke ɓullowa, in kana Argungun ka biya gidan tarihi na Kanta ka ga makaman da idonka kafin ka fita zagayen.