Babi na 6: Tatsuniya ɗaya da hannunka, don yaran gida

Darasi na 1: Ƙugiya

Sannunku da ƙoƙari iyayena da yayyena. Kowa ya ɗauko littafinsa da fensir, a fiƙe shi tukuna. A wannan babin kowa zai rubuta tatsuniya ɗaya gajera irin wadda kakarsa ta yi masa, ya kai gida ya karanta wa yara. Da yawanku kun kawo min kuka cewa jikoki sun zo hutu daga Abuja ko Agege ko Zangon Kumasi, ka ce ina kwana su amsa da Turanci, wasu ma ko sunan Gizo ba su taɓa ji ba. To daga nan za mu fara gyara.

Amma sai mun tsaya a kan ƙugiya, don nan ne kowa yake tuntuɓe. Haruffa uku ne: ɓ, ɗ, ƙ. Rubuta k ɗinka yadda ka saba. Yanzu koma can saman sandar, ka lanƙwasa kanta zuwa hannun dama, kamar ƙugiyar da ake ciro guga da ita in ya faɗa rijiya. Shi ke nan ka yi ƙ. Sake yi. Kada ka ji kunya don ta karkace, ta kowa haka take farawa.

Karanta da ƙarfi, kunnenka ya ji:

kura, ƙura
kaya, ƙaya
baki, baƙi
fada, faɗa
bari, ɓari

Ka ji bambancin? Kura dabba ce mai cin akuya, ƙura kuwa ita ce iska take tayarwa da rani. In ka bar ƙugiya a inda babu, ko ka manta ta a inda take, yaron da bai ƙware ba zai karanta abin da ya gani ne, ya tashi da shi a bakinsa haka nan. Sake rubuta ƙura sau goma. Sanda tukuna, sannan lanƙwasa, dama. Hajiya, sama ake lanƙwasawa, ba ƙasa ba. Madalla, haka.

Yanzu ɗ. Rubuta d, lanƙwasa kan sandar zuwa dama. Ɗaki, ɗari, ɗan Gizo. Sau goma. Sai ɓ, ita ma haka, ɓera, ɓawo.

Na duba aikin makon jiya kuma gaskiya raina bai yi daɗi ba, mutum ya rubuta shafi guda cur babu ƙugiya ko ɗaya, na tambaya ya ce ai a waya ma haka kowa yake yi. Wannan ba hujja ba ce! Tun shekarun 1930 aka saka ƙugiyar nan a rubutun boko a Zariya, kuma wayar ma tana da ita, ku ba wani yaro ya sa muku Hausa a Gboard, wato manhajar da ake rubutu da ita a waya. Ku ne manya, in kun yi sakaci wa zai koya musu? A sake rubuta ƙ sau ashirin kafin a juya shafi.

Darasi na 2: Buɗewa da rufewa

Rubuta a layin farko: Ga ta nan ga ta nanku. Yara za su ce: Ta zo mu ji ta. In ba su sani ba ka faɗa musu, su maimaita. Sai labarin, layi biyar ya isa. A ƙarshe rubuta Ƙurunƙus. Ƙugiya biyu ce a ciki, duba ko ka sa su. Haka Ƙoƙi matar Gizo, biyu.

Darasi na 3: Kacici-kacici

Rubuta: Baba na ɗaka, gemu na waje. Amsa: wuta da hayaƙi. Nemo guda biyu naka.

Darasi na 4

Karanta musu bayan sallar isha'i, a kashe talabijin. A kawo littafin ranar Asabar in duba.