Ga ƴan Maraɗi masu fara tuƙi cikin sanyin Kanada

Ƙannena, na san yawancinku da kun sauka Monreyal kun samu ɗaki, sai ku shiga neman mota, don kai saƙo da ɗaukar fasinja su ne suka fi saurin kawo kuɗi. Ba laifi. Sai dai a hanyar Tasawa ko ta Ɗan Isa kuka koyi tuƙi, inda abin tsoro bai wuce rami da jaki da hazon hunturu ba. Ko kun shekara goma da permi a aljihu, a kan ƙanƙara ku ƴan koyo ne.

Ku fara da taya. A jihar Kebek, inda Monreyal take, dole ne mota ta sa tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, wanda aka kama ba su tararsa dalar Kanada 200 zuwa 300. Za ku gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Robar taya ta yau da kullum takan sandare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ba ta kama ƙasa. Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa tasa mai jan ƙafa huɗu ce. Wannan wajen tashi yake taimako, wajen tsayawa duk ɗaya suke.

Farar dusar ƙanƙara ana ganinta, ana jin tsoronta. Wadda ke kisa ita ce siririyar ƙanƙarar da ke shafe kwalta, ka ga hanya baƙa wuluk kamar an yayyafa ruwa. Gadoji su ke fara daskarewa, saboda iska na bi ta ƙarƙashinsu. A irin wannan wuri nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana iya ninkawa har sau goma. Ku bar tazara mai yawa, ku saki totur tun daga nesa. In kun taka birki kuka ji yana karkarwa ƙarƙashin ƙafa, ba lalacewa ya yi ba, na'urar ABS mai hana taya kullewa ce ke aikinta, ku ci gaba da dannawa. Na baya in ya matsa muku, ku koma hannun dama ya wuce abinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne halinmu na gida. A Maraɗi in an goge maka mota, fita kake ka duba, ka riƙe ƙugu, jama'a su taru a yi ta ja-in-ja har a sasanta. Don Allah kada ku yi haka a babbar hanya ranar ƙanƙara. Santsin da ya kwashe ku yana nan yana jiran motar da ke tafe, ita ma ba za ta iya tsayawa ba, kai kuwa kana tsugune kana shafa fitila. In motar na tafiya, ku kunna fitilun haɗari ku janye ta gefe. In ba ta motsi, ku zauna ciki da ɗamara a ɗaure ku kira lambar agajin gaggawa 911; in fita ta zama dole, ku tsallake bayan shingen ƙarfe. Ko da bashi kuka saye ta, ƙarfe ce, asuransi da makanike sun san yadda za su yi da ita.

Mota kuma tana iya maƙalewa. A Maris 2017 motoci wajen 300 suka kwana a babbar hanya mai lamba 13 ta Monreyal. A Disamba 2022 guguwar dusa ta kashe sama da mutum 40 a yankin Buffalo na Amurka, wasunsu a cikin motoci aka same su. Don haka bargo, da shebur, da ruwa, da dabino, da cajar waya su zauna a mota, kada mai ya yi ƙasa da rabin tanki. In kuna jira, ku kunna inji minti goma a kowace awa, amma sai kun share dusar da ta toshe salansa, ku ɗan sassauta gilas. Gubar da ke cikin hayaƙin da ke dawowa ciki ba ta da wari, barci take sa mutum, daga nan sai dai addu'a.

Kafin fita ku duba Québec 511, shafin gwamnati mai faɗin halin da hanyoyi ke ciki. In an ce guguwa na tafe, ku ajiye makulli, ko da a ranar ce kuɗin aiki ya fi tsoka. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Iyayenmu da yayyenmu na gida, ku ma da naku. Sau da yawa wayarku ce ke fitar da yaro cikin dare, kuɗin biki ko na siminti. Ranar da ya ce muku bai fita aiki ba saboda ƙanƙara, ku sa masa albarka, ku jira mako mai zuwa.