Kafin ka kai sabuwar waƙarka gidan rediyon makaranta

'Yan uwa mawaƙa, ga wata 'yar shawara. Idan za ka tura waƙa gidan rediyon ɗalibai irin BUK FM na Jami'ar Bayero ta Kano, fara sauraron shirye-shiryensu na mako guda tukuna. Mai shirin hip-hop ba zai sa kiɗan kalangu ba, komai daɗinsa, sai ka nemi mai shirin gargajiya.

Kada ka tura ta WhatsApp a matsayin sauti, yana iya matse ta, gangar ta fito kamar ana dukan gwangwani. Tura MP3 mai ingancin sauti 320kbps a matsayin fayil, sunanka da na waƙar a jiki.

Ka cire ashariya da habaici, saboda dokar NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, tana kan gidajen rediyon ɗalibai su ma. Gaishe-gaishen farkon waƙa kuma a rage, don Allah.